Motocin da Lung Samran Ya Taɓa

Memori na farko da ya kashe mana na'ura a ƙofar masana'antar jatan lande ya yi aika-aikarsa, motar Bunlue tana tsaye a rana, direbanta yana zagin iyayen kowa. Na ce zafi ne. Na biyu na ce gishiri ne, don a garinmu Mahachai gishiri har ƙusar gado yake ci. Da aka kawo mini na biyar a ƙulle cikin ledar shinkafa, sai na daina neman uzuri, na jawo kujera.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗi. Wani ɗan akwati muke haɗawa ana ɗaura wa motocin sanyi, yana rubuta sanyin cikin motar a memori tun daga bakin tafki har ƙofar masana'anta. A ƙofar sai mai gadi ya zare memorin ya cusa a na'urarmu ta karatu. In ta nuna sanyi bai taɓa yankewa a hanya ba, a buɗe wa mota. In ba ta nuna komai ba, kayan da aka yi wa tanadin jirgin Japan sai su ƙare a tiren matan kasuwa. Manhajar da ke karanta memorin kuwa ni nake riƙe da ita, tun lokacin da maigidanmu Hia Seng ya buɗe kamfanin a saman shagon ubansa na injin jirgin ruwa.

Waɗannan memorin ba ƙin karantuwa kawai suke yi ba. Da an cusa ɗaya sai na'urar ta sandare, allo ya tsaya cak, duk motocin da ke layi su tsaya da ita har a sami mai hankalin da zai zare waya daga bango. Duka kuma daga motocin mutum ɗaya suke fitowa, Bunlue, wanda rabin akwatunan da muka taɓa sayarwa a motocinsa suke.

A farkon kowane memori akwai wani wuri da ba kaya ake ajiyewa ba, bayanin kayan ake ajiyewa: sunan fayil, kwanan watansa, sai adireshin inda ya fara. Manhajata takan karanta adireshin ta miƙe can, ba ta tambayar kowa. Akwatinmu ne ya rubuta, na'urarmu ce ke karantawa, ban taɓa ganin dalilin da zan sa su riƙa tuhumar juna ba. To a waɗannan memorin adireshin ƙarya ne. Yana tura ta tsakiyar wani fayil daban, wancan ya sake turo ta baya, ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ta suma.

Ba ƙaryar ce ta tayar mini da tsigar jiki ba, tsabtarta ce. Ɓarnar gishiri na san ta, ƙazama ce, tana cin nan ta tsallake can. Ɓarnar ɗauke wuta ma na san ta, rubutu ne ke yankewa a tsakiya. Wannan kuwa kowane adireshi an ƙara masa huɗu. Ba uku ba, ba biyar ba, a kowane fayil, a kowane memori. Shekarar da ke jikin fayilolin kuma duk ta koma 2055, kamar mai yin abin yana mana gwalo. Ni dai a sanina lalacewa ba ta iya lissafi.

Lokacin bikin cin ganyayyaki ne, gari ya cika da tutoci rawaya. Hia Seng yana cikin fararen kaya, ba nama, ba tafarnuwa, ba giya, kuma duk shekara mu ne muke biyan kuɗin wannan tsarki nasa da kunnuwanmu. Na same shi a ofis yana tsintar wake da sanduna kamar waken ya yi masa laifi.

“Kung, ki yi mini da yaren mutane,” ya ce tun ban gama ba. “Lalacewa ce ko hannu ne?”

“Ban ce hannu ba ne, Hia. Na ce ban taɓa ganin lalacewa mai ladabi haka ba.”

“Nawa kika ce an ƙara?”

“Huɗu.”

Ya ajiye sandunan. Hia mutum ne da ko lambar motarsa babu huɗu, don a wurin Sinawa irinsa huɗu lambar mutuwa ce, kuma ya taɓa fasa hayar shago saboda lambar ƙofa. Ya daɗe yana kallon tagar da ke fuskantar kogi, inda a ɗaya gaɓar ɗan baffansa Tong ya buɗe irin kamfaninmu bayan sun raba gari.

“Saƙo ne,” ya ce. “Wanda ya san ni ne ya aiko.”

Ban yarda da zancen saƙo ba, amma na yarda da zancen hannu. Kuma hannu dole ya kai ga akwati kafin ya kai ga memori. Washegari na ɗauki babur na tafi filin da Bunlue yake ajiye motocinsa, na ce wa mai gadi wayoyi zan duba. Na bi motocin da suka kawo memori mai guba ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa ƙarƙashin sitiyari.

Masu ɗaura mana akwati uku ne, kuma ba sai an gaya mini aikin wane ne ba. Na Piak wayoyi a cukurkuɗe, an naɗe da salatif kamar an ɗaure ƙafar kaza. Na Daeng da ɗan dama-dama. Na ukun kuwa kowace waya a miƙe, an bi da ita ta gefen ƙarfe, an datse bakin maɗauri daidai yadda ba zai yanki hannun direba ba. Duk motar da ta kawo mana bala'i irin wannan kyakkyawan aiki ne a cikinta. Na duba na Piak da na Daeng ko zan sami ko ɗaya, ban samu ba.

Lung Samran ke nan, Lung ɗin wato kawu, don girmamawa. Dattijo ne siriri mai furfura a gira, bai cika wata huɗu da mu ba. Babban malamin haikalin unguwarsu ne ya roƙi Hia ya ɗauke shi, Hia kuma ba ya iya ce wa mai rawayar riga a'a. Kowa ya san daga ina ya fito. Shekaru ya yi a gidan yari saboda gyara wa masana'antun ƙanƙara mitar wuta ta riƙa tafiyar hawainiya, kuma bai gama wa'adinsa ba aka sake shi bisa sharaɗi. Ƙara ɗaya in ta shiga da sunansa, zai koma ya ƙarasa ragowar, a ɗora masa sabo a kai. Na san wannan sarai lokacin da nake tsugune a ƙarƙashin sitiyarin.

Kafin in je wurin Hia sai da na tsaya wajen Piak, yana kwance a inuwar mota yana wasa da waya. Pi yake ce mini, wato yaya.

“Pi Kung, yau kin sauko daga sama? Ko sanyin ofis ne ya kore ki?”

“Lung Samran yakan daɗe a kan mota ɗaya?”

Piak ya tashi zaune, irin zaman wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. “Daɗewa? Ni in ɗaura uku yana kan ta farko. In ya gama ɗaurawa sai ya shige gaba ya ja ƙofa, ya sa tabarau, ya yi ta danne-danne. Na ce Lung, akwatin nan da kansa yake saita kansa, ba ya son taimako. Ya yi mini murmushin nan nasa na gawa.”

“Danne-dannen me?”

“Ni na sani? Mutumin da ya koya wa mita ƙarya.” Ya rage murya. “Kuma ran nan na gan shi a jirgin fito da direban Tong. Kwano ɗaya suke ci.”

Na hau sama na gaya wa Hia abin da na gani. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma rage ba. Na ce motocin da Lung Samran ya taɓa su ne kaɗai ke kawo matsala, kuma ban san yadda yake yi ba. Har a raina na ji daɗin kaina a lokacin, irin daɗin wanda ya gano ta inda ɓera ke shiga.

Hia ya sa aka kira shi. Ya shigo ya haɗa hannu ya gaida Hia, ya gaishe ni, ya tsaya kusa da ƙofa da hularsa a hannu. An nuna masa kujera bai zauna ba.

“Samran, ka taɓa memorin motocin Bunlue?”

“Cusawa kawai nake, Hia. Sabo daga leda.”

“Ka taɓa tafiya da ɗaya gida?”

“A'a.”

“To me kake yi a cikin mota in ka ja ƙofa?”

“Dubawa nake.”

“Duba me?”

“Komai. In ga ko daidai yake.” Ya juya hular. “Ba na son a ce aikina ne ya kawo matsala.”

“Direban Tong fa, abokinka ne?”

Idonsa ya sauka ƙasa, fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙofar shago. Na taɓa ganin mutane suna ƙarya da surutu, shi wannan da shiru na ga kamar yana yin tasa.

“Mun san juna,” ya ce daga baya.

Hia ya karɓe masa jakar kayan aiki, ya ce kada ya ƙara taɓa mota, amma kullum ya zo ya zauna a tsakar gida inda za a riƙa ganinsa. Da ya fita, Hia ya ce mini shi ba zai kai ɗan Adam wurin 'yan sanda yana cikin fararen kaya ba, mutumin da ko kifi bai ci ba. Sai an sauke tutoci. Kafin nan in nemo masa yadda aka yi, kuma in hana na'urar suma, don Bunlue yana kiransa safe da rana.

Gyaran kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, aiki ne na koya wa manhaja rashin yarda. Kafin ta bi adireshi, ta duba ko yana cikin memorin ma. In yana ciki, ta duba ko wurin na wani fayil ne. In tana tafiya ta ga ta dawo inda ta taɓa takawa, ta tsaya ta ce wannan fayil ya lalace, ta wuce na gaba. Na ƙara mata cewa in ta ga shekarar nan ta 2055 ta gwada cire huɗu daga adireshin. Da na gwada, sai ga bayanin sanyi ya fito tsaf, ba abin da ya ɓata. Jatan landen da aka karyar a kasuwa ashe sanyinsu bai taɓa yankewa ba.

Wannan ya ƙara dagula mini lissafi. Wanda yake son ya kashe mu, me zai sa ya bar bayanin lafiya lau ya karkata hanyar zuwa kawai? Kuma ta ina yake shiga? Akwatin ba shi da ƙofar da za a rubuta adireshi da hannu. Na kwance ɗaya daga cikin nasa har ƙusa ta ƙarshe ina neman wata 'yar waya ko ɗan guntun abin da ba namu ba. Ban samu ba, sai ma na ga ya goge ƙurar cikin. Na fara zargin ko Piak ne yake bin bayansa don ya shafa masa kashin kaji. Na zargi mai sayar mana da memori. Akwai yinin da na zauna ina kallon ƙeyar Hia ta gilashi ina tunanin ko shi da Tong ɗin ba su taɓa rabuwa ba.

Ta taga kuma ina ganin Lung Samran a tsakar gida, a kan bencin da ke jikin famfo. Ba ya kallon waya, ba ya barci. Da tsakar rana ya buɗe ɗan kwanonsa ya ci, ya wanke, ya koma ya zauna. Ranar nan na ga ya tashi ya ɗaure bakin tiyo da ke ɗiga, ya waiga ko an gan shi, ya koma da sauri. Kwana biyu kafin ƙarshen biki bencin ya wayi gari babu kowa. Piak ya ce ai ya gudu, da ma ya faɗa.

A ranar na sauka cin abinci a rumfar da ke gaban ɗakin bauta na Sinawa. Ina jiran a zubo mini taliya, idona ya sauka a kan babban ƙyallen da aka rataya a ƙofa, an rubuta bikin cin ganyayyaki na shekarar 2567 da jan fenti. Lambar nan ita ce shekara a kalandar ƙasarmu, kullum ina rubuta ta, a banki, a asibiti, a takardar makarantar 'yata. Amma na kwana biyu 2055 tana yawo a kaina, sai kawai kaina ya cire ƙaramar daga babbar ba tare da na sa shi ba. Ya ba ni 512.

Duk wanda yake cin abinci da sana'ar nan in ya ga 512 sai ya ajiye cokali. Na bar taliyar na haye sama.

Gurbin da akwatinmu yake rubuta shekara ɗan ƙarami ne, an yanka shi daidai shekarun Turawa, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da gurbin adireshi. Shekara 128 kawai yake ɗauka, in ka zuba masa 2567 zai cika ya tumbatsa har sau huɗu, 512 ke nan. Abin da ya rage a ciki shi ne 2055, huɗun da ta zube kuma ta faɗa gidan maƙwabci. Na ɗauko sabon akwati daga kwali, na kunna, na shiga wani lungu na saituna da ni kaina na manta yana nan. Ga shekara a rubuce, 2024, kamar yadda tauraron ɗan'adam ya ba shi. Na goge na rubuta shekarar da kowane yaro a ƙasar nan zai faɗa in ka tashe shi daga barci. Akwatin ya karɓa bai ce uffan ba. Na bar shi ya yi rubutu, na zare memorin na cusa a tsohuwar na'ura, ta sandare.

Piak da Daeng ba su taɓa buɗe wannan lungu ba, don ba su taɓa buɗe komai ba. Mutum ɗaya ne yake jan ƙofa ya sa tabarau ya bi saituna layi-layi saboda tsoron a ce aikinsa ne ya kawo matsala. Ya ga shekara ta yi baya da fiye da ɗari biyar, ya gyara mana. Na zauna ina kallon allon da ya sandare, kunya ta rufe ni tun daga wuya.

Na kwashi akwatin da na'urar na dire a teburin Hia, na yi masa gwajin a gabansa. Ya sa na maimaita. Sannan ya tashi ya rufe ƙofar ofis, abin da bai saba yi ba.

“Wa kika nuna wa?”

“Kai ne na farko.”

“To ni ne na ƙarshe.” Ya zauna. “Ki sa akwatin ya daina karɓar wannan shekara, ko ya mayar da ita ta Turawa da kansa, ke kika sani. A bi motoci a sabunta. A ce mun ƙara tsaro.”

“Lung Samran fa?”

“Kung, ki yi tunani. In hannu ne, an cuce mu an cuci Bunlue, mu biyu abokan kuka ne. In akwatinmu ne bai san shekarar ƙasar da aka haife shi ba, wa Bunlue zai kama? Mutum goma sha wani abu ke cin abinci a gidan nan, har da ke.”

“Ai ba ka kai ƙara ba tukuna. Sai ka fasa, shi ke nan.”

Ya kalli kwanon wakensa. “Ni ban kai ba.”

Sai a lokacin na gane abin da ya sa benci ya zama babu kowa. Bunlue ba ya sa fararen kaya, kuma ba ya jiran a sauke tuta. Jiya da yamma 'yan sanda suka tare Lung Samran a bakin jirgin fito.

“Wa ya ba Bunlue sunansa, Hia?”

“Ni wa ya ba ni?” ya ce, bai ko ɗaga murya ba.

Na mayar da akwatin cikin jaka na fita, bai hana ni ba. Har yau ban sani ba ko ya san ba zai iya hana ni ba ne, ko kuwa ya riga ya san abin da zan tarar.

Na sayi shinkafa da ƙwai da ruwan gora, na isa ofishin 'yan sanda lokacin ziyarar yamma. Ɗan sandan da ke kan tebur ya caccaka shinkafar da cokali, ya ce jaka ta tsaya a wurinsa. Lung Samran yana zaune a ƙasa a bayan ƙarafa, ya naɗe ƙafa, ya ninke rigarsa ya ajiye a gefe. Da ya gan ni ya haɗa hannu ya gaishe ni kamar a ofis muke.

“Lung, shekara ce,” na ce tun ban tsuguna ba. “Shekarar da kake gyarawa a akwati. Ita ce ta jawo komai. Ba laifinka ba ne, akwatin ne bai kamata ya karɓa ba. Na gwada, ina da shaida a jaka.”

Ya karɓi shinkafar ta ƙasan ƙarfe, ya buɗe, ya rufe. “Shekarar ba daidai na sa ba?”

“Daidai ka sa. Akwatin ne ba ya ɗauka.”

“To.” Ya gyaɗa kai. “Na gode, Khun Kung. Amma na riga na sa hannu.”

“A kan me?”

“Na amsa. Na ce ni na lalata su.”

Na riƙe ƙarfen. “Ka amsa abin da ba ka yi ba? Dukan ka suka yi?”

“Ba wanda ya taɓa ni. Har kofi suka ba ni.” Ya yi maganar a hankali, kamar mai koya wa yaro ɗaura waya. “Wanda ya amsa, rabi ake yanke masa. Wannan ba labari aka ba ni ba. Wancan karon mu biyu aka kama. Shi ya amsa, ni na tsaya ina gardama da lauya. Ya fita ya yi aure ya haifi 'ya, ina ciki. Shi ne direban da aka ce an gan ni da shi.”

“Wancan karon ka yi. Wannan ba ka yi ba.”

“Alƙali bai san bambancin ba sai an nuna masa. To nuna mini. Yi mini yadda za ki yi masa.”

Na fara. Na ce akwai gurbin shekara, akwai gurbin adireshi, suna maƙwabtaka. Na ce gurbin yana cika ya tumbatsa. Na kawo 512, na raba ta huɗu, na dawo da 2055. Ina magana ina jin muryata tana ƙara sauri, wani mashayi da ke kwance a lungun ɗakin ya ɗago kai yana kallona. Lung Samran bai katse ni ba har na kai aya.

“Na ji,” ya ce. “Wato hannuna ne ya sa lambar.”

“E, amma ba da nufin…”

“A nan zai tsaya. Tsohon mai taɓa mita ya shiga inda ba a aike shi ba, ya canza lamba, kaya suka lalace. Sauran zancen naki na gurbi ne.” Ya dube ni sosai, karo na farko tun da na san shi. “Hia zai zo kotu ya ce akwatinsa ne?”

Na kawar da kai.

“Ke kaɗai ke nan.”

“Ni kaɗai.”

“Kuma a wurinsa kike aiki. In ranar ta zo ya ce ki zauna a gida fa? Ko ki zo, lauyan Bunlue ya tambaye ki wa ya fara cewa ni ne?” Babu zafi a muryarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. “Makon jiya kin tabbata ni ne. Yau kin tabbata ba ni ba ne. Ban ce ƙarya kike ba. Amma in na janye, rabin ya tafi, kuma ba ya dawowa. In kika sake tabbata da wani abu a tsakani, ni ne zan zauna, ba ke ba.”

“Lung, in aka wanke ka ba za ka yi ko kwana ɗaya ba.”

“In aka wanke ni.” Ya jawo shinkafar gabansa. “Wa ya aiko ki? Ba don komai ba, ina son in sani ne kawai.”

“Ba wanda ya aiko ni.”

Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ni ma nake yi wa mai sayar da memori in ya rantse mini kayansa na asali ne. Abin ya yi mini ciwo fiye da zagi, kuma ban ga ta inda zan ce bai kyauta ba.

Aka buga ƙarfe alamar lokaci ya ƙare. Na miƙe, gwiwoyina sun yi tsami. Ya matso kusa da ƙarafan ya rage murya.

“Alfarma ɗaya, Khun Kung. Abin da ke jakar nan, kada ki nuna musu. In suka ga ana tayar da magana za su rubuta cewa ina musu. Ki bar mini rabina.”

A tebur ɗan sandan ya turo mini jakata. Ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya dube ni, ya dubi takardun da ke gabansa.

“Daga kamfanin kike, ko? Akwai abin da za ki ƙara a maganar tsohon nan? Gobe da safe za mu tura fayil ɗinsa.”

Akwatin yana cikin jakar, da memorin, da komai. Na waiga, Lung Samran ya fara cin shinkafarsa amma idonsa yana kaina.

Na ce wa ɗan sandan abinci kawai na kawo.